Tafiyar da Tatsuro Ya Tsara Mana

Talata, 16 ga Yuli, bakwai na safe

Murfin ya yi gumi.

Likita ta ce in riƙa rubutu, wai zai saukar mini da hawan jini. To ga shi ina yi, in ya ƙi sauka ita ta sani.

'Yata Natsumi ta bugo daga Ostiraliya jiya. Ran goma ga Agusta za su sauka, ita da mijinta Duncan, kuma maganar yawon buɗe ido tana nan daram: sha biyu zuwa sha bakwai ga wata, har da ni a ciki. Na ce ke yarinya, a tsakiyar Bon? Kwanakin da mamata ke zuwa ganin gida, sai su tarar da ƙofa a garƙame? Shekara goma sha biyu da rasuwar ubanki, bai taɓa zuwa ya rasa wuta a bakin ƙofa ba. Ta ce, "Mama, ba ni na zaɓi ranakun ba. Yaya Tatsuro ne ya zaɓa, tun bara." 

Ɗana Tatsuro ya yi tafiya tun tara ga Oktoba. Tafiya na ce. Safe da yamma ina jera masa tire a mazauninsa, yadda kakata ta yi wa kakana a shekarun yaƙi: shinkafa, kifi, miya a kwano mai murfi. In ka ɗaga murfin ka ga gumi a ciki, matafiyinka yana raye. Wata tara ban tsallake ko sau ɗaya ba. In na bar gida kwana shida, wa zai jera masa?

Alhamis, 18 ga Yuli, biyu na rana

Natsumi ta ce tsarin tafiyar duk yana cikin wani littafi mai koren bango a ɗakinsa. Tun ranar bikinta ya yi wa Duncan alkawari zai zagaya da shi ƙasar nan, ya nuna masa tsofaffin wurare ba tare da bin jagora mai tuta kamar tumaki ba.

Na hau bene. Ban shiga ɗakin ba tun ranar da 'yan sanda suka gama dube-dubensu. Zafi kamar tanda. Gyare na ta ihu a bishiyar bayan gida, ina zuge ƙofa suka yi tsit gaba ɗaya. Na san haka suke, su yi shiru su sake ɗauka. Duk da haka sai da na ce "Ni ce" kafin na sa ƙafa.

Littafin yana kan tebur, shi kaɗai. Kanazawa kwana ɗaya, Nara biyu, Kyoto biyu. Shekara shida da dawowarsa daga Osaka, ba ya fita in ba sayen taba ba, mutum ɗan arba'in da ɗaya da ba ya iya gaida mai kawo wasiƙa. Amma ga shi ya san jirgin ƙasan da ke tashi daga Tsuruga da mintinsa, ya san ƙofar da za a bi a shiga lambun Kanazawa ba tare da an hau tudu ba, ya san inda benci yake a kowane haikali. A gefen shafi ya rubuta: gwiwar Mama. Sau bakwai na ƙirga. Ya sa sunayen masauki da lambobin waya, abin da ya rage kawai a buga a kama ɗaki.

Takardun suna warin tabarsa. Na sauko da littafin a rungume.

Asabar, 20 ga Yuli, shida na yamma

Yaya Fusae, yayar marigayi mijina Masaji, ta zo da kwali a hannu. Tun kafin ta buɗe na san abin da ke ciki.

"Shizue, wannan ne Bon ɗinsa na fari. Farar fitila ake rataya wa sabon mamaci, in ba haka ba ba zai gane hanyar gida ba."

"Wane sabon mamaci? Wa ya mutu a gidanku?"

"Haba Shizue. A kan tsaunin bakin teku fa aka sami motar. Jirgin ruwa goma sha ɗaya, kwana huɗu suna nema."

"Suka samo me?"

"Ba su samo komai ba."

"To."

Ta ce taurin kaina ya fi na ƙaninta, shi ya sa aurenmu ya daɗe, ba wanda ya yarda ya riga wani fita. Na ce ta sha shayinta ta kwashi kwalinta. Ta sha kofi biyu, ta cinye mini kokwamba, ta tafi ta bar kwalin a bakin ƙofa. Tsohuwar banza! Shekararta tamanin ba ɗaya, ba abin da take mantawa sai wanda ta ga dama.

Na cusa shi ƙarƙashin matakala.

Litinin, 22 ga Yuli, goma na safe

Na samo dabara, har na yi dariya ni kaɗai. Masaukin gargajiya ai tire suke jera wa kowane baƙo, da miyarsa da murfinta. Me ya rage? Na buga Kanazawa na ce mutum huɗu. Na buga Nara na ce mutum huɗu. Duk biyun da ƙyar aka samu, wai wasu ne suka fasa.

Yarinyar Nara ta nemi sunaye, na ba ta, ta maimaita mini ɗaya bayan ɗaya da muryar nan tasu mai zaƙi. Tatsuro, ta ce, haka kawai, kamar sunan kowa. Wata tara ban ji wanda ya ambace shi bai rage murya ba. Saura kaɗan in ce ban ji ba, ta sake.

Kyoto sai wani jiƙon. Na gaji.

Laraba, 24 ga Yuli, bakwai na safe

Gumi.

Alhamis, 25 ga Yuli, biyar na yamma

Bakina ne ya ja mini. Ina ba Natsumi labarin masaukin Nara na ce ɗakin zai ishe mu mu huɗu.

"Huɗu, Mama? Ni, ke, Duncan. Wane ne na huɗun?"

"Kin sani."

"Mama, don darajar Baba, kada ki kai mu garin mutane ki sa mu zauna muna kallon kwano."

Na ce ba wanda ya ce ta kalla, ta ci nata. Sai ta fashe. Wai na san ita kaɗai ta sa baƙaƙen kaya a can, a ɗakin girki, ba jana'iza, ba turare, ba wanda za ta gaya wa? Wai na san in ta bugo, kafin in tambayi lafiyarta sai na ba ta labarin miya? Ta ce, "Ni ma 'yarki ce, Mama. Ina da rai, kuma ba sai kin ɗaga murfi za ki sani ba."

Na kife wayar. Ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Asabar, 27 ga Yuli, uku na rana

Matakala ta yi ƙara, ta huɗu daga sama, wadda take yi in an taka. Katako ne, zafi ke buɗa shi. Na tashi na ɗora ruwan shayi, sai da na zuba na ga kofi biyu na fitar.

Talata, 30 ga Yuli, sha biyu na rana

Na buga Kyoto da safe, tire yana jere ban kai ga ɗaga murfi ba.

Wata dattijuwa ce ta ɗauka, mai masaukin. Na ce sha biyar da sha shida. Ta ce ayya, ranar wutar duwatsu? Ai tun da sanyi ɗakunan suka ƙare. Ta nemi sunana ko wani zai fasa. Na ce Urabe, sunan gidanmu. Ta ce Urabe na yankin Wakasa? Sai na ji tana jan aljihun tebur, takardu suna motsi.

"Ai kuna da ɗaki, Uwargida. Ɗanki ya rubuto mana bara, da hannunsa. Ba ma karɓa da wuri haka, amma wa ke rubuta wasiƙa a zamanin nan? Sai na ajiye ta. Kin yi dacen ɗa."

Ta karanta mini. Ɗakin ƙasa, ba hawa. Gajeriyar kujera saboda gwiwa. Baƙo ɗaya dogo ne, a haɗa masa katifa biyu. Ran sha shida a kawo abincin yamma da wuri, don su isa bakin kogi kafin takwas. Mutum uku.

Na ce huɗu ne. Ta ce uku ya rubuta, har ya ja layi a ƙasa, ga sunayen ma: Shizue, Natsumi, Duncan.

Na tambaye ta kwanan watan da ke kan wasiƙar. Takwas ga Oktoba. Washegari ya fita.

Ko ɗan makaranta ya san abin da ake yi a Kyoto ran sha shida ga Agusta da ƙarfe takwas: wuta a kan duwatsu biyar, ta raka mamata su koma bayan Bon. Tun ranar farko na ga shafin a littafinsa. Na ce wa kaina don Duncan ne, ya sami abin ɗauka a hoto.

Na yi mata godiya har sau uku, ina rusuna wa waya. Tiren yana nan yadda na jera. Ban ɗaga ba.

Laraba, 31 ga Yuli, bakwai na safe

Ba zan je ba. Na gaya wa Natsumi.

Alhamis, 1 ga Agusta, huɗu na yamma

Ɗan banza. Ɗan banza marar kunya! Ka zauna a kaina, a benen gidana, kana cin shinkafata, kana auna mini tsawon kujera, ashe ranar da zan raka ka kake tsarawa? Wa ya ce maka ina son kallon wuta? Ran takwas ga Oktoba kifi na gasa maka, ka ce gishiri ya yi yawa. Wasiƙar tana aljihunka a lokacin, ko ka riga ka jefa ta a akwatin gidan waya?

Natsumi ta sake bugowa. Na sake gaya mata.

Lahadi, 4 ga Agusta, bakwai na safe

Gumi. Miya da zafi, murfi da sanyi, ko don kare aka rufe ta sai ta yi gumi. Na sani. Tun ina 'yar shekara tara na sani, kakata ma ta sani.

Na jera na yamma.

Laraba, 7 ga Agusta, biyar na yamma

Yaya Fusae ta zo da kankana, ba ta yi maganar kwali ba. Ta ce ita za ta share kabarin Masaji, ta kunna masa wutar ƙofa ran sha uku. Na ce ba inda za ni, kuma mijina ne. Ta ce ƙaninta ne kafin ya zama mijina, ita ta goya shi, in ya zo ya gan ta ba zai koma ba.

Ban yi niyya ba, amma na ba ta labarin wasiƙar. Ta ajiye wuƙa.

"Yaron nan bai so ki zauna ke kaɗai a gidan nan a Bon ɗinsa na fari ba, Shizue. Shi ya sa ya kirawo miki 'yarki daga bangon duniya."

"Da ya zauna, da ba sai ya kira kowa ba."

"Haka ne."

Sai ta yi kuka, da ƙarfi, baki buɗe kamar yarinya. Ko a jana'izar ƙaninta ban ga ta yi haka ba. Ni ce na koma ina bubbuga mata baya. Da ta natsu na ce, a misali, in da zan tafi, a misali fa, za ta jera masa tire? Ta fyace hanci ta ce, "Wannan kam ba zan yi miki ba. Ƙarya ba ta cikin abin da na iya dafawa."

Asabar, 10 ga Agusta, bakwai na yamma

Sun iso. Duncan ya buga goshi a saman ƙofa, ya juya ya ba ƙofar haƙuri. Na ba shi kifin da muke jiƙawa a dusar shinkafa, wanda ko 'yan Osaka ke gudu. Ya cinye yana hawaye yana cewa da daɗi, da daɗi. Mutumin kirki ne, sai dai tsawon ya yi yawa.

Natsumi ta rame. Ta ga tiren, ta je ta zauna kusa da shi.

Bayan cin abinci na ce su tafi su biyu, ga littafi, ga komai a rubuce, ni ba zan je ba. Natsumi ta ce to su ma ba za su ba. Sai Duncan ya gyara durƙuso, ya haɗa kalmominsa ɗaya ɗaya kamar mai ɗora duwatsu.

"Mama. Yaya ya rubuto mini, bara. Ya ce, Mama za ta ce a'a sau uku. Kada ka yi gardama. Ka ɗauki jakarta kawai."

Na ce sau nawa na faɗa? Natsumi ta ɗaga yatsu uku. Ita ta fara dariya, na kama, muka yi ta yi har ta rikiɗe ta koma wani abu. Duncan ya rasa inda zai sa idonsa, ya tashi ya wanke kwanuka.

Litinin, 12 ga Agusta, Kanazawa, takwas na yamma

Na zo. Jakata aka ɗauka, sai na bi jakata.

Mun shiga lambun ta ƙofar da ya ce, ba tudu ko ɗaya. Duncan ya bar itatuwa masu shekara ɗari biyu ya durƙusa yana ɗaukar hoton gansakuka.

Tire huɗu aka kawo. Mai aiki ta tambaya ko ɗayan baƙon yana hanya. Na ce zai makara.

Talata, 13 ga Agusta, Nara, bakwai na yamma

Yanzu haka Yaya Fusae tana durƙushe a ƙofata tana hura wuta.

Ya rubuta mu je wurin babban gunkin Buddha da zarar mun sauka, kafin cunkoson yamma, kuma haka aka yi, kusan mu kaɗai. Wata barewa ta cinye wa Duncan taswira, ya rusuna mata, ta rusuna masa, ta sake cizon rigarsa.

Da la'asar, a hanyar fitilun dutse, na hango wani ta baya. Kafaɗar hagu a karkace, hannu ɗaya a aljihu, tafiyar nan kamar mai ba ƙasa haƙuri. Ban san lokacin da na saki hannun Natsumi ba. Na bi shi, na kutsa cikin mutane, na hau matakalar da littafin ya ce kada in hau, har gwiwata ta ƙi. Ya tsaya ya juyo. Saurayi ne da bai fi ashirin da biyar ba, yana cin askirim. Ya tambaye ni ko na ɓata ne.

Duncan ya sauko da ni a baya, ni, tsohuwa 'yar sittin da takwas, a gaban jama'a. 

Laraba, 14 ga Agusta, Nara, takwas na safe

Natsumi ta cinye tirensa don kada mai aiki ta ga an mayar da abinci ta ji ba daɗi. Ta ɗaga murfin ta ajiye gefe ba ta ko duba ba. Ni ma daga inda nake ban gani ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, Kyoto, bakwai na yamma

Ɗakin ƙasa. Ga kujerar, daidai gwiwata kamar an gwada. Ga katifa biyu a haɗe.

Mai masaukin ta miƙo mini wasiƙar da hannu biyu. Na juya ta gaba da baya, na leƙa cikin ambulan, na ɗaga ta a haske. Ba ko kalma ɗaya tawa, sai gwiwa da katifa da lokacin abinci. Haka yake tun yana ƙarami, in ya yi laifi ba ya ba da haƙuri, sai ka ga ya share tsakar gida.

Dattijuwar ta ce ta tuna a waya na ce huɗu. In ɗan nawa ya sami damar zuwa, ba wuya ba ne a ƙara tire. Natsumi ta sunkuyar da kai.  

Na ce a bar shi yadda ya rubuta.

Asabar, 17 ga Agusta, Kyoto, shida na safe

Jiya mun isa bakin kogin Kamo da bakwai da rabi, inda ya ce. Mutane maƙil, ko'ina mafici. Gab da takwas aka rage fitilun gari, surutu ya kwanta. Sai ɗigon wuta ɗaya a jikin dutsen gabas, sai ta gudu hagu da dama, dutsen ya kama. Wasu suka yi tafi, tsofaffi suka haɗa hannu. Duncan ya ɗaga kyamara, ya dubi matarsa, ya sauke.

Akwai abin da ban gaya wa 'yan sanda ba, ban gaya wa Yaya Fusae ba, ban gaya wa littafin nan ba.

Ran tara ga Oktoba Tatsuro ya sauko da shida da rabi, ya yi aski, ya sa farar riga. Ina ɗakin girki ina yanka albasa, na ba ƙofa baya. Na ji yana sa takalmi. Sai ya ce, "Mama, na tafi." Shekara shida bai faɗa ba. A ƙasar nan ko shago za ka, in ka ce ka tafi sai an ce maka a dawo lafiya, ba a barin mai fita da shiru. Ni kuwa ina fushi da shi. A kan me? Tokar taba ya karkaɗe a kofin shayin ubansa. Na ji shi sarai, na ci gaba da yanka. Ya jira. Na ji jiran nasa a bayana, ya kai a ƙirga goma. Sannan ƙofa ta zuge ta rufe a hankali.

Ban san wutar ba ta wuce rabin awa ba. Ina tsaye sai na ga gefe ɗaya ya fara dushewa, mutane sun fara naɗe tabarmi, na ce kai, yanzu fa, yanzu zai ja ƙofa. Na ture hannun Natsumi, na matsa har bakin ruwa, na ɗaga murya irin ta kiran masunta a tashar ruwa, wadda ban yi ba shekara ashirin.

"Tatsuro! Na ji ka! A dawo lafiya!"

Mutane suka waiwayo. Wani tsoho kusa da ni ya cire hularsa. Natsumi ta rungume ni ta baya, tana faɗa ita ma a hankali, Yaya, a dawo lafiya. Muka tsaya har dutsen ya koma baƙi, har masu shara suka fara aikinsu.

Ɗana ya mutu. Ga shi nan na rubuta. Ban yafe masa ba, amma na amsa masa.